Dutsen Gaban Taya

A bakin kasuwar Makarfi suka ƙulla maganar, shekara ta biyu da samun mulkin kai. Lado direba ya taso daga Saulawa da tsohuwar lorinsa, zai kai matarsa Mairama da 'yarsu Bilki bikin suna a Kudan. Mamuda kuwa mai lilo ne, irin babban nan na katako mai juyawa sama da ƙasa, da akwatunan da yara ke zama ciki, ƙarti biyu na murza shi da hannu.

Mamuda ya ce ginshiƙi ɗaya ya ɗan karkata saboda ruwan jiya, yana so a ɗaure kansa da igiya a jikin motar Lado zuwa la'asar. Lado ya ce hanya ce gabansa. Sai dai Bilki ta riga ta hango lilon, ta kafe ido ba ta ko ƙiftawa.

"Direba, 'yarka ta hau har ta gaji, ba sisi," in ji Mamuda.

Suka tafa.

To, motar Lado tana da halinta. Ba ta tashi sai an gangara da ita, birkinta kuma ya daɗe da zama na ado. Shi ya sa kullum a kan tudu yake ajiye ta, hancinta na kallon gangare, ya tokare tayar gaba da dutse. Ranar ma haka ya yi. Lilon yana can ƙasan gangaren, ya karkata yana baya da motar, igiya ta miƙe tsakaninsu kamar tsirkiya. Dutsen da Lado ya samu mai kyau ne, baƙi, mai faɗin kai.

Filin ya cika. Ga mai wasa da biri, ga masu kalangu, ga rake an jibge har gwiwa. Mairama ta zauna a inuwar ɗorawa tana cewa ita kukan katakon nan bai yi mata ba. Gaskiyarta ce. Duk juyin da aka yi sai ginshiƙin ya yi ƙara kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, igiyar ta girgiza, ƙasar gindinsa ta ɗan buɗe baki ta rufe. Lado ya je ya taɓa igiyar har sau biyu, ya ji ta da ƙarfi, ya koma gun masu shayi.

Wajen azahar wata tsohuwa mai ƙosai, Fatsuma, ta iso daga Gazara da kaskonta. Ta samu duwatsun murhu biyu, na ukun ya gagara. Ta duba nan, ta duba can, sai ta hango wanda ke tokare da tayar motar Lado. Ita a saninta dutsen da ke yashe a kasuwa na wanda ya fara sunkuyawa ne, mota kuwa ai ƙafafunta huɗu, me za ta yi da shi? Ta ja bai zo ba, ta sa muciya ta ɓanɓare shi.

Motar ba ta motsa nan take ba. Sai da mai ya yi zafi, ƙosan farko ya fara ja.

Mairama ce ta fara ganin igiyar ta yi ciki. Ta miƙe tsaye, ta ce a hankali, "Malam, motarka tana tafiya."

Lokacin Bilki na akwatin da ke can ƙololuwa, tana ɗaga wa uwarta hannu. Ginshiƙin ya fara sunkuyawa, motar kuma ta nufo shi, tsakaninsu yara fal.

Lado ya watsar da kofin shayinsa ya bi motar, ya ɗafe ƙofa ya faɗa ciki. Ya taka birki don sabo, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. A hagunsa akwai kududdufin da ake haƙar ƙasar gini. Wannan mota ita ce duk abin da ya tara tun yana ƙaramin direba a hanyar Zariya. Ya murɗe sitiyari ya tura ta ciki.

Ta faɗa da hanci, ƙarfen gabanta ya karye, igiyar ta sake miƙewa har tana tsiyayar da ruwa. Lilon ya tsaya a karkace. Aka riƙa sauko da yaran ɗaya bayan ɗaya, filin tsit, har birin ya daina tsalle. Bilki ce ta ƙarshe, ta sauko tana kuka wai ba a gama juyinta ba.

Mamuda ya kwance katakonsa kafin magariba, washegari wata mota ta kai shi Kudan, ya ci kasuwar sunan da su Lado ba su samu zuwa ba. Fatsuma ta sayar da ƙosanta tas, ta tafi gida da dutsen don ya zauna wa kasko daidai. Lado ya bar motarsa a kududdufi, inda awaki suka mayar da ita wurin kwana. Ya koma Saulawa a ƙasa, Mairama na biye, Bilki na barci a kafaɗarsa.