Wata Goma Sha Huɗu a Zaure

Maiwada ya kwance ƙulli na huɗu ya jera a kan teburin malamar asibiti, yana bayani da alfahari.

"Wannan saiwa ce, ta Inna Hajo mai magani a Ajingi. Wannan garin na wani Bafulatani ne, Bappa. Ba mu taɓa tsallake ko rana ɗaya ba."

Matarsa Hure na gefe, ta ja mayafi har hanci. Shekara shida da aure ba ko ɓatan wata. Tun da suka fito daga ƙauyensu Gafasa da hantsi ta gaya masa cewa in wannan zuwa asibitin Gaya bai yi ba, gidansu za ta koma, ta gaji da kallon da ake mata a wurin suna. Maganar ta tsaya masa a rai, don yana son Hure ƙwarai.

Malamar, wata dattijuwa mai tabarau, ta gama duba Hure ba ta ga komai ba. Ta ɗauki biro.

"Malam, sau nawa kake shiga ɗakin iyalinka a mako?"

Maiwada ya kalli rufi. Hure ta kalli ƙasa.

"Ai Malama, magani da sharaɗinsa. Inna Hajo ta ce kwana arba'in kada in kusance ta, kada saiwar ta karye. Na Bappa wata uku ne."

"Da aka gama fa?"

"Ranar da ɗaya ya ƙare, ranar muke fara wani. Ni ba na wasa da magani."

Gaskiya ya faɗa. Maiwada irin mutanen nan ne da in aka ce su tsaya a inuwa, sai su bi ta har magariba.

"To yanzu ina kake kwana?"

"Zaure."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin motoci su koma hannun dama," in ji Hure daga cikin mayafi. "Wata goma sha huɗu ke nan."

Malamar ta ajiye biro, ta cire tabarau, ta daɗe tana goge shi.

"Malam, me kake nomawa?"

"Gyaɗa."

"In ka shekara kana zuba taki, ba ka jefa iri ba, me za ka kai kasuwa?"

Kunya ta kama Maiwada har kunnuwansa suka yi zafi. Malamar ta ƙirga wa Hure kwanakin wata da suka fi dacewa, ta ce su dawo bayan wata uku, kuma kada ta ƙara jin labarin zaure.

Suka hau mota suka juyo. Da suka sauka a Ajingi, ranar kasuwa ce, sai ga Inna Hajo ta tare su da sabon ƙulli.

"'Yan nan, ku nake nema! Wannan ba ya kuskure. Kwana sittin ne kacal."

Maiwada, saboda sabo, har ya miƙa hannu biyu. Hure ta riga shi karɓa.

"Mun gode, Inna. Yana lalacewa in an ajiye?"

"Ko shekara ya yi, ras yake."

"To, sai baɗi," in ji Hure.

Ta cusa shi a ƙasan kwando, ta kama hanyar Gafasa da sauri, har sai da Maiwada ya haɗa da gudu kafin ya cim mata.