Neman Guduma a Kan Dutse

Tun da likita ya ce huhun Baba ya gaji, ba shi da wata magana sai ta Guduma. Abokin aikinsa ne a ramin ma'adinai tun suna samari, kafin Baba ya sauko gari ya yi aure. Ni ban taɓa ganinsa ba, ban ma san sunansa na yanka ba. Na yi ta kawo uzuri, har ranar da Baba ya ce in ba za mu kai shi ba, zai nemi motar haya da kansa. Maigidana ya ce gara mu kai shi, mu juyo kafin yamma.

Muka fita da sassafe, Maigida na tuƙi, Baba a gefensa, ni a baya riƙe da abin shaƙarsa. Da muka bar kwalta hanya ta tsuke. Ta dama dutse, ta hagu kwazazzabo mai zurfin da ban yarda na leƙa ba. In motar ɗaukar duwatsu ta taho, sai Maigida ya manne da jikin dutse har ta wuce, tsakuwa na zubo mana a rufi.

Ƙauyen farko duk gidajen kwano ne masu tsatsa, ruwan kwatarsu ja wur, injin niƙa dutse na ta ruri. Baba ya tsaya yana waige-waige, bai gane ko lungu ɗaya ba. Wani mai shayi ya ce ai Guduma ya tashi tun rasuwar matarsa, ya koma sama wajen 'yarsa.

Kafin mu kai ƙauye na biyu numfashin Baba ya fara fito. Na miƙa masa abin shaƙa, ya ture hannuna. Nan ma ba a dace ba. Mai facin taya ya ce sai can ƙauyen ƙarshe, inda surukin Guduma ke aiki. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce in hadarin can ya riske mu a sama, hanyar ba ta saukuwa. Maigida ya fara lallashi, ya ce mu dawo wani makon.

"Ku juya," in ji Baba. "Amma ku sauke ni tukuna."

Muka ci gaba. Wayata ta daina kama layi. Na riƙa lissafa abin da zan gaya wa ƙannena in wani abu ya faru a nan, inda ko ɗakin shan magani ban gani ba. Kusa da ƙauyen mota ta ƙi hawa, dole muka taka. Baba ya yi 'yan taku ya tsaya, ya dafa kafaɗar Maigida, leɓensa ya bushe. Ana haka aka fasa dutse da nakiya a wani wuri, ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. Na durƙushe ban sani ba. Baba kuwa ko ƙyafta ido bai yi ba.

Na ɗauka zan ga ƙaton mutum. Wani ɗan tsoho muka tarar a kan benci a ƙofar gida, lulluɓe da bargo, duk ya ƙare sai ƙashi. 'Yarsa ta tarbe mu, ta ja ni gefe ta ce kada Baba ya sa rai: kunnen mahaifinta ya tafi, idon ma sai a hankali, wani lokaci ita kanta ba ya gane ta.

Baba ya zauna kusa da shi ya yi sallama. Ya ɗaga murya ya kira sunan, tari ya sarƙe shi har ya dafe ƙirji. Guduma na kallon gabansa kawai. Na ji kamar in yi kuka, don wahalar da muka sha da kuma wadda ke jiranmu.

Da tarin ya lafa, Baba ya sunkuya ya ɗauki wani ɗan dutse, ya ƙwanƙwasa katakon bencin, ya dakata, ya sake. Daga baya ya gaya mini haka suke tambayar juna in rami ya rufta, ko na wancan gefen yana da rai. Hannun Guduma da ke kan katakon ya motsa. Ya dunƙule yatsu ya buga shi ma. Sannan ya lalubo wuyan hannun Baba ya riƙe gam.

"Ashe ka fito," ya ce.

"Na fito. Kai ma ka fito."

Suka zauna riƙe da juna, wannan ya yi tari, wancan ya karɓa. Iska ta fara ɗaga kwanon rufi. Maigida na ta yi mini ido, amma na kau da kai. Baba ne da kansa ya zare hannunsa ya miƙe.

Ruwa ya same mu a tsakiyar gangara. Jar laka ta malalo kan hanya, bayan motar ya riƙa zamewa wajen kwazazzabo. Wuyan rigar Maigida ya jiƙe da gumi. Wannan karon da na miƙa abin shaƙa Baba ya karɓa.

Da taya ta taka kwalta Maigida ya tsaya a gefe, ya kifa kai a kan sitiyari. Na leƙa gaba. Baba ya jingina da gilashi, ido a rufe, baki a buɗe, ban ji fiton nan ba. Na sa hannu a gaban hancinsa.

Ya buɗe ido ɗaya.

"Ina nan, 'yar nan. Janye hannunki, kina tare mini iska."