Yatsu Biyu na Arch Tierney

Sandar ta sauka a bayan hannun Thelma tun sautin bai gama fita ba. Ta ji zafin har cikin haƙoranta. Konsatinar, 'yar akwatin kiɗan nan mai zugazugi da ake matsawa tsakanin tafuka biyu, ta yi wani mummunan kuka, ta kusa suɓuce mata.

"Uban wa ya ce ki taɓa wannan maɓallin?" in ji tsoho Ces Pardey. Yana zaune a barandarsa da bargo a gwiwa duk da uban zafin da ake zabgawa, ƙirjinsa na fito. "Wata huɗu ina faɗa miki, yatsu biyun ƙarshe na hagu ki naɗe su. Kunnen ƙashi gare ki, yarinya!"

Yarinyar dai shekararta hamsin da biyu. Thelma Kowald ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya uku, amma kullum la'asar sai ta ƙetare shingen waya ta kawo kanta ga maƙwabcinta ya zage ta son ransa. Ba don tana ƙaunarsa ba, Ces ba mutumin da ake ƙauna ba ne. Don wals ɗin da yake koya mata ne, wani tsohon kiɗan rawar Turawa. Da shi iyayenta suka yi rawar aurensu, da shi ita ma ta yi nata. Duk kwarin Burrangal babu wanda ya rage da ya iya kaɗa shi sai wannan masifaffen tsoho, likita kuma ya ce huhunsa ba zai kai shi Kirsimeti ba. Ta iya kashi na farko, saura na biyu.

Kiɗan yana da wani gurbi. Ana cikin taku uku-uku sai a yi tsit na bugu biyu, kamar mai tafiya ya yi tuntuɓe, sannan a ɗora. Mutanen kwarin sun saba, har ƙafafunsu sun san wurin tsayawa. Thelma ce kaɗai gurbin ya hana sakat. Ran Asabar ta tuƙa mota awa uku zuwa wani gidan tsofaffi, wurin wata Ivy Tierney wadda ta yi zamani tana kaɗa fiyano a wuraren rawa. Tsohuwar ta ba ta takardar kiɗa da ta yi jawur don tsufa, wadda Jamusawa manoman inabi suka zo da ita. Babu gurbi a ciki, sauti biyu ne rangaɗau a wurin.

Yanzu Thelma ta zaro takardar daga aljihu ta shimfiɗa a kan bargon.

"Duba nan, Baba Ces. Ba haka kiɗan yake ba. Shekara hamsin kana kaɗa wa mutane gurgun wals."

"Ɗauke wannan shara."

"Ivy Tierney ce ta ba ni. Ta ce yayanta Arch cikakke yake kaɗa shi, har shekarar da ya rasa yatsunsa. Ta ce in tambaye ka, wai kana wurin."

Ba ta ga ɗagawar sandar ba. A kan ƙashin yatsu ya same ta, fata ta tsage, jini ya ɗiga a kan maɓallan. Ya sake ɗagawa. Wannan karon ranta ya ɓaci, ɓacin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Ta cafke sandar, ta fizge har tsohon ya kusa kifowa, ta maka ta a ƙarfen baranda sau uku sai da ta rabe biyu, ta watsa guntayen tsakar gida. Karensa ya haukace da haushi yana tsinkar sarƙa. Ces ya lalubo kofin shayi ya jefe ta, kofin ya wuce ta gefen kunnenta ya tarwatse a jikin ginshiƙi.

"Ka sake taɓa ni, wallahi sai na riga cutar kashe ka, tsohon banza!"

"Zo ki kashe! Zo mana, jira nake!"

Tari ya sarƙe shi. Ya duƙa yana kakari, ya tofa jini a kan takardar, ita kuwa ko ruwa ba ta miƙa masa ba. Da ya samu numfashi sai ya fara magana yana kallon katakon ƙasa.

"A rumfar askin tumaki muke, ni da Arch, kafaɗa da kafaɗa. Ranar ƙarshe ce, ni da shi muke tseren wa zai fi kowa aski. Saura biyu a garke, wata tunkiya mai laushin gashi da wani tsohon rago mai ƙaiƙayi da datti. Na riga na miƙa hannu ga tunkiyar, sai ya sha gabana ya ɗauke ta, yana dariya. Dariya fa kawai ya yi." Ya share baki. "Almakashin askin yana hannuna, na wasa shi da safen nan. Fuskarsa na nufa. Ya kare da hannun hagu. Na ji ƙarar ƙashi, ƙaras. Yatsu biyu suka faɗa cikin ulu, jini ya yi tsartuwa har kwanon rufi, tunkiyar ta tsere rabin jikinta ja. Wani kare ya ɗauki ɗaya ya fita da shi, ina kallo."

Thelma ta matse hannunta da gefen siket.

"Da ɗan sanda ya zo, Arch ya ce rago ne ya harbe shi, almakashi ya goce. Aski ya ƙare masa ke nan. Bayan wata shida ya zo har nan, ya ajiye mini wannan konsatina a cinya. Ya ce, ‘Ka ɗauke mini yatsu, to za ka koyi kiɗana yadda ka bar shi.’ Ya ɗaure mini yatsu biyun nan da igiyar buhu har suka yi baƙi. In na motsa su, mari. Shekara guda yana marina da dungulmin hannun nan nasa, ban taɓa karewa ba. Ko ƙanwarsa bai faɗa wa ba, zato kawai take yi. Gurbin nan shi kaɗai ya rage na Arch a duniya, ke kuma kin zo da takarda za ki cike shi."

"Ashe laifinka kake son in gada," in ji Thelma. "Ka mutu da abinka."

Ta ajiye konsatinar a ƙasa cikin fasassun kofi, ta ƙetare shinge ta koma gida.

Kwana huɗu ba ta leƙa ba. Hannun ya kumbura, tana wanke-wanke tana zaginsa a fili. Ta tsane shi, kuma tana jin tsoro, domin duk tarin da iska ta kawo mata daga gidansa sai ta tuna kashi na biyun da ba ta iya ba. A rana ta biyar da hantsi ta ga motar nas a ƙofarsa. Nas ɗin ta tare ta a shinge ta ce, "In kina da magana da shi, yau ce."

Ta same shi a gado, ya zama ƙashi da fata, ƙudaje na yawo a gefen bakinsa. Ta kore su da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Ban yafe maka ba," ta ce. "Don Arch na zo."

"Wa ya roƙe ki?" Muryar da ƙyar take fita. "Ɗauko."

Ba shi da ƙarfin riƙe konsatinar, sai ya riƙa gunjin kiɗan a maƙogwaro, ita tana lalubo shi a maɓallai. In ta kuskure ya mintsine ta a cinya da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Har rana ta karkata suna abu ɗaya, jinin hannunta ya sake ɓallowa ta cikin bandeji. A ƙarshe ya gyaɗa kai.

"Daga farko. Gaba ɗaya."

Ta zauna a bakin gado ta sa hannu cikin maɗaurin fata. Ya miƙo hannunsa ya damƙe yatsunta biyu na ƙarshe, ya danne su a jikin katako, faratansa na shiga namanta. Ta fara. Kashi na farko ya wuce, gurbin ya zo ya wuce, damƙar tana nan. Ta shiga na biyu. Wajen tsakiyarsa ta ji riƙon ya sassauta, sannan hannun ya zame a hankali ya faɗa kan bargo, fiton ƙirjin ya ɗauke.

Ba ta daina ba. Yatsun nan biyu yanzu babu mai riƙe su, suna daidai saman maɓallan, ta kuma san sautin da takarda ta ce su danna. Gurbin ƙarshe ya iso. Ɗakin ya yi tsit na bugu biyu, ba a jin komai sai ƙuda ɗaya yana bugun gilashin taga, sannan Thelma ta ja zugazugin ta ƙarasa.