Bai Yi Kama da Baba Ba

A shekarun da Birnin Kebbi take ƙarƙashin jihar Sakkwato, in ka shiga ƙaramar cocinmu ta Nasarawa ka tambayi wanda ya fi kowa sanin Allah, ni za a nuna maka. In ba a nuna ni ba, zan nuna kaina. Sunana Kayode, gyaran rediyo ne sana'ata, ranar Lahadi kuma in hau wa'azi da Hausa. Ba abin da ban kwatanta Allah da shi ba, har da batirin rediyo da injin ban ruwa na fadamar Ambursa. Matata Ajoke takan ce rediyoyin da nake gyarawa sun fi ni kirki, don su ana iya kashe su.

Wata Talata aka aiko daga Argungu cewa jikin mahaifiyata, Iyabo, ya yi tsanani, kuma ni take nema. Tun ina goye ta zo garin tana sayar da atamfa, har Hausar Kabawa ta cinye mata Yarabanci. A cikin mota, maimakon in yi kuka irin na ɗan kirki, tsara jawabi nake yi. Har na ɗan ji daɗin yadda ya tsaru.

Na same ta kwance a kan tabarma, ta rame ƙwarai. Ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

"Kayode, tsoro nika ji," ta ce. "An ce kai ad da bakin wa'azi. Hwaɗa min, wanga da za ni iskewa, da wa shika kama?"

Na gyara zama. Wannan ai gonata ce. "Mama, makiyayi ne nagari, mu kuma tumakinsa."

Ta harare ni da ragowar ƙarfinta. "Duk makiyayin da nis sani, in Layya ta matso kasuwa shika kai su."

Na ce to sarki ne, mai shari'ar gaskiya. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa shiga gaban shari'a ta fito da dariya ba. Saura kaɗan in ciro kwatancen batirin rediyo, Allah ya rufa mini asiri. Sai na sako babbar ajiyata, wadda ba ta taɓa ba ni kunya a coci ba.

"Mama, Uba ne. Ubanmu wanda ke cikin sama."

Sai ta juya fuskarta bango, kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa ganin Mama tana kuka ba, ko a ranar da muka binne mahaifina.

"Shi nika tsoro," ta ce. "Baba, ubana, dattijon coci ne a garinmu. Na auri ubanka ba da sonai ba. Na koma da kai goye, nid durƙusa bakin ƙohwa ina roƙon gahwara. Yad dube ni, yar ruhe ƙohwa. Har yam mutu bai sake kiran sunana ba. Tun rannan, duk sanda kunka ce Ubanmu, ƙohwar nan nika gani."

Wato duk Lahadin da ta ziyarce mu ta zauna a bencin gaba, ina zuba ina jin kaina, ƙofar nan nake rufe mata. Na laluba cikin kaina, babu kwatance ko ɗaya da ya rage. Kunya ta kama ni, tausayinta kuma ya fi kunyar.

"Mama," na ce, "ban san da wa yake kama ba. Ban taɓa ganinsa ba. Duk abin da nake faɗa, lalube nake yi."

Ta juyo a hankali. "Ba shi kama da kowa da kas sani?"

"Ba ya kama da kowa."

"Ko Baba?"

"Ko Baba."

Ta kalli rufin ɗaki. Sannan ta saki ajiyar zuciya, ta kama hannuna.

"To, in haka na, ni tai," ta ce. "Kai kuma yi min shiru, in ɗan huta."

Na yi shiru. Hannuna yana cikin nata har la'asar, lokacin da ta cika.