Koren Mochi Daga Sendai

Akwatin biskit na ajiye wa ma'aikatan gidan tsofaffin da Baba yake, tsarabar garinmu Sendai, suka yi ta godiya. Ɗaya akwatin, na mochi, yana ƙasan jakata, na lulluɓe shi da tawul kamar kayan sata.

Mochi haramun ne a gidan nan. Dakakkiyar shinkafa ce mai danƙo, in ta maƙale wa tsoho a wuya sai dai wani ba shi ba. Baba kuwa tun da ya yi shanyewar ɓarin jiki kunu ma da ƙyar yake haɗiya. Amma kullum na zo maganarsa ɗaya: zunda mochin garinmu, mai koren wake da sukari a kai. Ni dai na gaji da ganin tsoho yana roƙo.

Yayana Kanji na iske a ɗakin Baba. Yana ganin na ciro akwatin ya miƙe.

"Chizuru, kanki ɗaya kuwa? Kashe shi za ki yi?"

"Yaya, tsare mana ƙofa, ka rage murya."

Na fito da almakashi na yayyanka ɗaya ƙanana-ƙanana. Baba ya dubi farantin ya taɓe baki.

"Kaza kika mayar da ni? Ba ni guda."

Kafin in yi magana ya kai hannunsa mai lafiya cikin akwatin, ya jefa guda a baki.

Tsoro ya kama ni. Na ɗora yatsa a kan maɓallin kiran ma'aikata. Baba yana tauna a hankali, ido rufe, koren waken na gangarowa ta gefen bakin da ya mutu. Sai taunar ta tsaya. Fuskarsa ta yi ja, ba numfashi, ba tari.

"Danna!" in ji Kanji. "Danna mana!"

Maƙogwaron Baba ya yi sama, ya daɗe a can, sannan ya sauko. Ya ja wani dogon numfashi, ya buɗe ido, ya miƙo hannu.

"Ƙara min."

"A'a, Baba," Kanji ya ce. "Ya isa haka."

"Kai, yaro. Tun da kuka kawo ni nan kuke gadina kada in mutu. Sai yau na ci abinci."

Ni kam na kasa ƙara masa, na rungume akwatin ina kuka. Kanji ya zo ya zare shi daga hannuna. Ya daɗe yana dubawa, ya zaɓi mafi ƙanƙanta, ya sa wa Baba a tafin hannu.