Kadan Bakin Injin Ruwa

Harbin farko ya faɗa ruwa can nesa, kadan ya sulale daga kan yashi ya nutse, ko sauri bai yi ba. Dattijo Gado maharbi ya sauke bindiga ya kai wa sandar kyamara mai ƙafa uku shuri.

"Wannan abin banza ne! Ƙafafu kamar na sauro, iska kaɗan sai ya kama rawa."

"Baba, don Allah kar ka karya min," in ji 'yarsa Intisar. Da shi take ɗaukar bidiyon biki a birnin Madani kafin yaƙi ya koro ta gida, ƙauyensu na kusa da garin Suki. Ita ce ma ta ba da shawarar a ɗora bindigar a kansa, don hannun tsohon ya fara karkarwa, kodayake ba mai iya faɗa masa haka ya kwana lafiya.

Matsalar a fili take. Ciyawa ta toshe bakin bututun injin ban-ruwa a cikin kogi, kuma sai mutum ya shiga har wuya ya ciro ta. Tun da kadan nan ya ɗauke akuyar Mero a wurin ba wanda ya ƙara shiga, ga albasa tana yaushi a gona. Muntari, ɗan Gado na fari, ya rantse in aka yi la'asar zai shiga, da kada ko ba kada. Shi kuwa Muntari in ya rantse, to an gama. Yana can kan gaɓa da sauran maza, ya riga ya tuɓe jallabiya.

Intisar ta durƙusa. Ta rage tsawon ƙafafun har suka dawo daidai zaman mutum, ta ware su, ta danna kowace cikin laka da tafin hannu. Sannan ta rataya jarkar ruwansu a ƙugiyar da ke tsakiya don ta yi masa nauyi. Gado ya zauna, ya kafa gwiwar hannu bisa gwiwa, ya leƙa.

"Har yanzu shina motsi."

Gaskiyarsa. Jarkar rabi ce, ruwan ciki sai kai-komo yake yana jan komai. Ta zubar, ta ɗura jiƙaƙƙen yashi har baki, ta sake ratayawa ta yadda gindinta ya ɗan taɓa ƙasa. Ta yagi bakin mayafinta ta ɗaure bindigar tamau a kan mazaunin kyamara. Da ta ture shi da yatsa, ko gezau.

"Halas, an gama, Baba. Yanzu ko jaki ya jingina da shi ba ya motsi."

Suka jira, rana tana dukan ƙeya. Can sai maza suka fara raɗa a kan gaɓa, kadan ya fito. Gado ya sa kafaɗa, ya juya bakin bindiga a hankali, ya tsayar. Wallahi tun yana saurayi rabon da bindiga ta zauna masa haka. Ya ja numfashi ya saki rabi, yatsa ya kai kan kunamar bindiga.

"Baba." Muryarta ƙasa-ƙasa, daidai kunnensa. "Mi kake auna?"

"Kansa mana."

"Wancan kututture ne. Kadan yana hagu, kusa da ciyawa."

Gado bai ɗago ba. Ya ƙura ido hagu, bai ga komai ba sai wani dishi-dishi mai launin ƙasa. Ashe harbin farko ma itace ya nufa, kuma ko shi bai samu ba. Ya daɗe yana zagin hannunsa, yau ya zagi sandar yarinya, ga shi komai ya tsaya cak kuma babu sauran abin zagi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a gaban dabba. Ya ji Muntari a sama yana tambayar ko an kira salla.

"Abin nan naki," ya ce, "in an saita shi, shina tsayawa inda aka bar shi?"

"In na ɗaure kusoshin, yana tsayawa."

"To matso kamar kina gyara ɗaurin. Ki sa ƙwayar saiti ta bakin bindiga cikin tsagar baya, ki ɗora ta bayan idonsa kaɗan."

Ta sunkuya, mayafinta ya rufe su duka biyu. Ta daɗe tana matsar da bakin bindigar, kaɗan-kaɗan, sannan ta murɗa kusoshin ta ja da baya. Gado ya mai da kafaɗarsa a hankali yadda ba zai gusar da komai ba. Ya yi bisimilla, ya matsa kunama a kan abin da ba ya gani.

Ƙarar ta tashi tsuntsaye. Kadan ya yi birgima, ya daki yashi da wutsiya, ya kwanta rigingine, cikinsa fari a sama. Gaɓa ta kaure da kabbara. Maza suka gangaro a guje, Mero tana guɗa, Muntari ya rungume ubansa yana cewa idon Baba dai har gobe ba irinsa a bakin kogin nan.

Gado ya ce alhamdu lillahi. Ya bar su suka wuce wurin kadan, ya tsaya yana sauraren Intisar tana kwance bindiga tana naɗe ƙafafun. Da suka zo hawan gaɓa ya tsaya.

"Shiga gaba," ya ce mata. "Ki tafi a hankali, ina bin mayafinki."