Bugun Sittin da Biyu

Ni Chinca, shekara arba'in ina auren Euclides, kuma shekara arba'in ina jin labarin katin nan, har na iya ba da shi da ka. Katin wani bahagon ɗan wasan besbol ne, manne a tsohon kundi da sitacin rogo, yadda duk yaran Maracaibo suke yi a zamaninsu. Wansa Arquímedes ne ya bar masa, in ji shi, kafin kwalekwalensa ya kife a tafki a shekarar sittin da uku. Shekara guda bayan rasuwar, lokacin da Euclides ya daina magana ya daina cin abinci, mahaifiyarsu ta ce ta tsinci katin a aljihun rigar mamacin, an ajiye masa.

Ni kam na gaji da katin, na gaji da zafin garin nan, na gaji da ɗauke wuta. Abin da ban gaji da shi ba shi ne hoton jikarmu a waya. 'Yarmu Yusmely ta haihu a Chile, yarinya har ta fara tafiya ba mu taɓa ɗaukarta ba. Ran nan tsoho ya ce zai sayar da katin mu yi kuɗin jirgi. Nan take na ɗauko kundin, kada ya fasa.

Muka je kasuwa wurin Hermágoras, mai sayen tsofaffin kaya, wanda ke aika irin waɗannan katuna Amurka. Ya duba, ya yi fito.

"Baba, wannan bahagon sau biyu aka buga shi. Hoto ɗaya, launi ɗaya. In bugun sittin da biyu ne, ku je ku haɗa kaya, har da tsaraba. In na sittin da huɗu ne, to kuɗin arepa ne, wainar masarar nan, da lemo."

"Na sittin da biyu ne."

"Kowa haka yake cewa. Shekarar tana baya, can ƙasa, ga shi kun lafta masa sitaci kamar rigar zuwa coci. Ku mutanen da, me kati ya yi muku ne?"

"Kai yaro, lokacin da na manna shi ubanka bai san hanyar makaranta ba. Wana ya rasu a sittin da uku. Daga kabari zai sayo na sittin da huɗu?"

"To ai shi ke nan, a ɓamɓare mu gani."

Hermágoras ya ɗora ruwa a kan ɗan rishonsa, ya kara shafin a tururi, yana ɗaga gefen katin a hankali da bakin reza. Gumi ya jiƙe ni sharkaf. A raina ina ta lissafin rigunan sanyi, don an ce Chile akwai sanyi. Kati ya fita lafiya lau, ko ɓarewa bai yi ba. Ya ɗauko gilashinsa ya kafa ido. Ya miƙa wa tsoho gilashin.

Euclides ya daɗe yana kallo.

"Tsohuwa, duba min. Idona ba shi da kyau."

Na duba. Sittin da huɗu ne, ƙiri-ƙiri. Da zan iya yi masa ƙarya da na yi, amma ya riga ya gani.

A motar haya haushi ya cika ni. Ina tunanin yadda zan gaya wa Yusmely. Sai da muka isa gida ya zauna a bakin gado, katin a tafin hannunsa.

"Ashe Mama ce," ya ce. "Wankau take yi wa mutane, Chinca. Wani lokaci ko abincin dare ba mu da shi. Ta je ta saya, ta sa a aljihunsa, don in ci abinci."

Haushin nan duk ya zube, tausayinsa ya kama ni. Na zauna kusa da shi. Fanka a tsaye, an sake ɗauke wuta.

Can ya share fuska da gefen rigarsa, ya jawo kundin.

"Akwai sauran sitaci a gidan nan?"

Na tashi na ɗora ruwa.